Gerolamo Cardano: Likitan da ya gano lissafin sa'a a teburin caca

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan ludo, a Yankwashi ko Kazaure, ya san yadda ake zaman jiran shida ta fito. Wanda ya fara tsara lissafin wannan jira a littafi shi ne Gerolamo Cardano, wani likita ɗan ƙasar Italiya.

An haife shi a birnin Pavia a 1501. Ya yi karatun likitanci a Jami'ar Padua, amma ƙungiyar likitocin Milan ta ƙi karɓarsa saboda ba ta hanyar aure aka haife shi ba, sai a 1539. A waɗannan shekaru na babu ya rungumi caca, har ta kai shi ga jinginar da kayan adon matarsa.

A teburin cacar ne ya fara ƙirga. Ƙwayar ludo fuska shida gare ta, kowace fuska rabonta ɗaya cikin shida. In an jefa ƙwaya biyu, hanyoyin faɗuwarsu 36 ne. Jimillar 7 tana fitowa ta hanya shida, amma 2 da 12 hanya ɗaya-ɗaya gare su. Ba wanda ya san abin da jifa ɗaya zai bayar, amma in jifa ya yi yawa, 7 za ta fi kowace jimilla zuwa.

Daga baya ya yi suna. A 1545 ya wallafa Ars Magna, babban littafinsa na aljabara, a 1552 kuma aka gayyace shi Sikotland ya yi wa babban limamin coci John Hamilton maganin asma.

Sai dai gidansa bai zauna lafiya ba. An kashe babban ɗansa a 1560 bisa laifin sa wa matarsa guba. Ƙaramin kuwa ya gaji caca, har yana yi wa uban sata. Cardano ya rasu a Roma a 1576.

Littafinsa kan caca, Liber de Ludo Aleae, bai fito ba sai a 1663, shekara 87 bayan rasuwarsa. Irin wannan lissafi kamfanonin caca ta waya ke dogaro da shi a yau: matashi yana jiran sa'a, su kuwa sun riga sun ƙirga ribarsu.