Louis Armstrong: Mabushin da Amurka ta yi talla da murmushinsa

Akwai wani hoto da aka ɗauka a Kaduna a ƙarshen shekarar 1960, wanda ya nuna Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, yana raha da wani baƙar fata ɗan Amurka mai faɗin murmushi. Baƙon shi ne Louis Armstrong, mabushin ƙaho da ya fi kowa suna a kiɗan jazz. Ya zo ne a matsayin jakadan fatan alheri na ƙasarsa, alhali a lokacin dokar jihar da aka haife shi ta hana shi hawa dandali ɗaya da abokan kiɗansa fararen fata.

An haife shi ranar 4 ga Agusta, 1901, a birnin New Orleans na jihar Louisiana, a wata unguwar talakawa da ake yi wa laƙabi da fagen fama saboda yawan tashin hankali. Mahaifinsa ya bar gida tun yana jariri. Tun yana yaro ya shiga neman na kai, yana yi wa wasu Yahudawa 'yan ci-rani, iyalan Karnofsky, aikin tattara tarkace da sayar da gawayi. A daren shiga shekarar 1913 ya harba bindiga sama cikin murna, aka kama shi, aka tura shi gidan horon yara baƙar fata. A can ne wani malami mai suna Peter Davis ya koya masa busa yadda ya kamata.

Daga nan ya yi kiɗa a jiragen ruwa da ke zirga-zirga a kogin Mississippi, har zuwa 1922 da ubangidansa Joe Oliver ya kira shi birnin Chicago. Faya-fayen da ya naɗa tsakanin 1925 da 1928 da ƙungiyoyinsa na Hot Five da Hot Seven su ne suka sauya alƙiblar jazz. Kafin shi, makaɗa kan yi busa a tare, kowa na saƙa nasa cikin na ɗan'uwansa. Shi ne ya ɗaukaka salon da mabushi ɗaya zai fito fili ya ƙirƙiri sabon sauti nan take. A 1925 ya yi wa sarauniyar waƙar blues, Bessie Smith, busa a faifai. Mutum ne kuma mai son barkwanci da wasanni. A 1931 har ƙungiyar ƙwallon baseball ya ɗauki nauyi a garinsu, ya saya wa 'yan wasan sababbin kaya.

Barkwancin da ya buɗe masa ƙofofin fararen fata shi ne ya jawo masa zargi a cikin nasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasan makaɗa irin su Dizzy Gillespie suka riƙa ganin yawan washe haƙoransa da wasanninsa a dandali tamkar ragowar ladabin bayi ne a gaban iyayen gijinsu. Zargin ya ƙara ƙarfi a 1949, lokacin da ya amince aka naɗa shi sarkin wata ƙungiyar baƙar fata a bikin Mardi Gras, ya fito da fuska shafe da baƙin fenti kamar yadda al'adar ƙungiyar ta tanada.

Sai ga shekarar 1957. A watan Satumba, Gwamnan jihar Arkansas, Orval Faubus, ya girke dakarun jiha a ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock domin hana ɗalibai baƙar fata tara shiga, duk da hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta wariya a makarantun gwamnati. Armstrong yana garin Grand Forks a North Dakota lokacin da wani ɗalibi mai koyon aikin jarida ya samu shiga ɗakinsa a otal. Nan ya amayar da abin da ya daɗe yana cin sa. Ya zargi Shugaba Dwight Eisenhower da fuska biyu da rashin ƙarfin hali, ya caccaki gwamnan, ya kuma ce ya fasa tafiyar da gwamnati ke shirya masa zuwa Tarayyar Soviet. Da aka kawo masa rubutun don tantancewa, ya sa hannu. Da manajan tafiyarsa ya yi yunƙurin sassauta maganar a gaban 'yan jarida, ya fito ya ƙaryata shi.

Abin ya ja masa. Wasu gidajen rediyo suka daina sa faya-fayensa, aka yi ta kiran a ƙaurace wa wasanninsa, hukumar FBI kuma ta ajiye bayanai a kansa. Kaɗan ne daga manyan makaɗa suka fito suka mara masa baya. Bayan mako guda Eisenhower ya tura sojojin tarayya suka raka ɗaliban makaranta, Armstrong kuwa ya aika masa da saƙon yabo. A ɓangaren garinsu, ya ƙi yin wasa a New Orleans tun bayan dokar 1956 da ta haramta wa baƙi da farare kiɗa tare, bai koma ba sai 1965, bayan an kafa dokar 'yancin jama'a ta 1964.

Duk da haka gwamnatin Amurka ba ta iya rabuwa da shi ba. Zamanin yaƙin cacar baka ne, Tarayyar Soviet na yayata wariyar launin fata ta Amurka a ƙasashen da ke karɓar 'yancin kai, Washington kuma na buƙatar fuskar da za ta wanke ta. Armstrong ya riga ya ga Afirka a 1956, lokacin da dubban mutane suka tarbe shi a Accra, ya kuma rera waƙa kan ƙuncin baƙar fata a gaban Kwame Nkrumah. A Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan 'yancin Najeriya, ya dawo nahiyar. Kamfanin Pepsi-Cola ne ya ɗauki nauyin zangon farko a Ghana da Najeriya, sannan Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta karɓi ragamar sauran tafiyar.

Zangon Kongo shi ne ya fi duhu. Ya sauka a Léopoldville, Kinshasa ta yau, a ƙarshen Oktoba, aka ɗauke shi a kan karaga zuwa filin wasa. A daidai lokacin, zaɓaɓɓen Firayim Minista Patrice Lumumba yana tsare a gidansa a birnin. Wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya tabbatar a 1975 cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ta ƙulla makircin kashe Lumumba da guba a waɗannan watanni. A littafinta na 2021, masaniyar tarihi Susan Williams ta bayyana cewa shugaban ofishin CIA a Kongo, Larry Devlin, ya ci abinci da Armstrong, ta kuma kafa hujjar cewa an fake da ziyarar don tattara bayanai a lardin Katanga ba tare da sanin mawaƙin ba. A Katanga ɗin aka kashe Lumumba ranar 17 ga Janairu, 1961.

Farin jininsa bai dushe ba. A 1964, yana da shekara 62, waƙarsa ta Hello, Dolly! ta kawar da ƙungiyar Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka. Gillespie ma daga baya ya amsa cewa ya yi masa gurguwar fahimta.

Armstrong ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1971, a gidansa da ke unguwar Corona a New York, unguwar ma'aikata da ya ƙi bari duk da arzikinsa. Ya bar ɗaruruwan faya-fayen da ya naɗi hirarrakinsa na gida a kansu. A cikinsu ana jin barkwancin da duniya ta sani, ana kuma jin ɓacin ransa kan wulaƙancin da ya sha saboda launin fatarsa. Gidan yanzu ya zama gidan tarihi, kuma an buɗe faya-fayen ga masu bincike.