Marigayi Bishop Edward Lawton, Makiyayinmu na Fari

Da yawa daga cikinmu a Birnin Kebbi da Argungu mun san nauyin bakin da kan kama mutum idan maƙwabci ko abokin aiki ya tambaye shi abin da ya gaskata. Wani yakan cusa carbinsa cikin aljihu kafin ya shiga kasuwa, wani kuma ya kauce wa maganar da dariya. Ba za mu ce tsoron nan ba shi da dalili ba, gama duk mun tuna abin da ya faru a Sakkwato cikin watan Mayu na 1922 da ɗari, wato 2022, sa'ad da aka kashe wata ɗaliba Kirista, aka kuma kai wa majami'u hari. Saboda haka ya kamata mu waiwayi mutumin da Allah ya fara danƙa wa wannan garke.

An haifi Edward Thaddeus Lawton a birnin Boston na ƙasar Amurka a 1913. Ya shiga ƙungiyar Waliyyi Dominik, wadda Paparoma ya amince da ita tun 1216, sunanta na ainihi kuwa shi ne Ƙungiyar Masu Wa'azi. Aka naɗa shi firist a 1943, ya yi 'yan shekaru yana koyarwa a makarantar sakandare kusa da Shikago. A 1951 ya sauka Ikko tare da Fada Michael Dempsey da Fada Arthur Kinsella, suka kama aiki a Yaba.

A Ikko mai wa'azi ba ya rasa masu sauraro. Amma a 1953 Roma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina daga Kaduna, ta ba 'yan Dominik, shekara ta zagayo aka ɗora wa Fada Lawton shugabancin wannan sabon yanki. Mu dubi irin gonar da aka ba shi. Nan ne cibiyar daular Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, nan ne Gwandu, nan ne Kabi. Tun 1903 Turawan mulki suka yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addininsu ba, saboda haka shekaru da dama ba a sake wa 'yan mishan mara a ƙasashen sarakuna ba. 'Yan Katolikan da ke nan kusan dukansu baƙi ne daga kudu: ma'aikatan jirgin ƙasa, akawuna, 'yan kasuwa, suna zaune a sabon gari. Ga mutumin da sunan ƙungiyarsa wa'azi, an kawo shi inda ba zai tsaya a dandali ya ɗaga murya ba.

Da ya ga dama, da ya tsaya a kan baƙin nan kaɗai, ya yi musu Misa, ya rufe ƙofa, ba wanda zai zarge shi. Bai yi haka ba. Ya zauna a Gusau, inda layin dogo ya tara masu bi, daga nan firistocinsa suka riƙa bin hanyoyin ƙura zuwa Sakkwato, Funtuwa, Katsina da Yelwa ta Yawuri. A 1956 Sistocin Dominik daga Kansas suka iso Gusau, suka soma aikin jinya da karɓar haihuwa, ba su kuwa tambayi mace addininta kafin su taimake ta ba. Aka buɗe makarantu. Firistoci suka zauna koyon Hausa kamar yara 'yan aji ɗaya, wannan kuwa a ganinmu shi ne babban abin da suka yi, domin wanda bai iya gaisuwa da harshen mutum ba, da wane baki zai gaya masa labarin Yesu? Da harshen nan ne bishara ta kai ga Maguzawa a ƙauyukan Malumfashi, Hausawa na asali waɗanda ba su shiga Musulunci ba.

A 1964 aka mai da yankin cikakkiyar dayosis, Lawton ya zama bishop na farko. Lokacin ana tsakiyar Majalisar Vatikan ta Biyu, shi ma yana cikin ubannin da suka halarta. Majalisar nan ta koyar da abu biyu a 1965, wasunmu kuwa sukan riƙe ɗaya su saki ɗaya: Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, kuma kowane mai baftisma yana da hakkin shaidar Almasihu da halinsa da kuma bakinsa. Girmama maƙwabci ba ya nufin ɓoye masa sunan Ubangijinmu, faɗin sunan kuma ba ya bukatar zagin abin da maƙwabci yake riƙe da shi.

Sai 1966 ta zo. A Janairu sojoji suka kashe Sardauna, a Mayu tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa har da Gusau da Sakkwato, a Satumba da Oktoba kuma kashe-kashen suka fi na dā muni. 'Yan kabilar Ibo, waɗanda su ne mafi yawan garkensa, waɗansu suka mutu, sauran suka gudu gabas. Aka lalata majami'u, waɗanda suka tsira suka zama kusan wayam. Aikin shekara goma ya zube cikin 'yan watanni. Bishop Lawton baƙo ne mai fasfo, hanyar gida a buɗe take gare shi, amma ya zauna tare da ragowar tumakin. A ran 19 ga Disamba na shekarar nan zuciyarsa ta tsaya yana cikin mota a kan hanya, yana da shekara 53.

Abokin tafiyarsa na jirgin farko, Michael Dempsey, ya gaje shi a 1967, ya mai da hankali ga 'yan ƙasa da horon katakis, ya riƙe dayosis har 1984 sa'ad da Bishop Kevin Aje ya karɓa. Yelwa ta koma ƙarƙashin Kontagora a 1995. A 2023 kuma Paparoma Faransis ya yanke Katsina daga Sakkwato ta zama dayosis, bishop ɗinta na fari kuwa, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne daga ƙasar Malumfashi.