Waliyyi Fiyakar, Mai Lambu

Ran 30 ga watan Agusta Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Fiyakar, majiɓincin masu aikin lambu. Mutumin ƙasar Ayaland ne, ya rayu a ƙarni na 7. Tun yana gida ya san ganyayen magani, har jama'a suka riƙa tururuwa wurinsa, alhali shi kaɗaici yake nema domin addu'a. Saboda haka ya haye teku zuwa Faransa, inda Waliyyi Faro, Bishop na Meaux, ya ba shi fili a kurmin Breuil.

Can ya sare daji, ya gina ɗakin addu'a da sunan Budurwa Maryamu, da 'yar bukkarsa. Sauran filin ya mai da shi lambu. An ce Bishop ya alkawarta masa iyakar ƙasar da zai iya shatawa cikin yini ɗaya, shi kuwa da ya ja bakin sandarsa, sai ƙasa ta yi ta juyewa da kanta. Wannan labarin baka ne. Abin da ya fi taɓa mu shi ne, kaɗaicin da ya zo nema bai daɗe ba. Matafiya da matalauta da majinyata suka gano shi, ya kuwa gina musu masauki. Tsakanin addu'a da azumi yana duƙe cikin shuka, yana ciyar da su da abin da hannunsa ya noma.

Ya rasu wajen shekara ta 670. A 1568 aka kai ƙasusuwansa babbar majami'ar Meaux. A hotuna akan nuna shi riƙe da shebur.