Onesimus: Bawan da ya kai ilimin lamba Amurka

A nan Babura, da wuya ka ga dattijon da ya haura shekara sittin wanda babu tabon lamba a damtsensa. Wannan tabo shi ke tuna mini da wani ɗan Afirka, musamman idan na ji ana cewa rigakafi makircin Turawa ne, zancen da ya tsayar da allurar shan inna a Kano a 2003.

An kamo shi ne daga Afirka, aka tsallaka teku da shi a matsayin bawa. A 1706 mabiyan wata majami'a a birnin Boston na Amurka suka saye shi, suka bai wa limaminsu Cotton Mather kyauta. Shi ya raɗa masa suna Onesimus, wato mai amfani.

Wata rana ubangidan ya tambaye shi ko ya taɓa yin agana. Sai ya nuna masa tabo a hannunsa, ya bayyana masa yadda ake yi a ƙasarsu: a ɗebo ɗan ruwan ƙurjin mai agana, a tsaga fatar mai lafiya a shafa. Mutum zai ɗan kwanta, ya tashi, cutar kuma ba za ta sake kama shi ba. Mather ya binciki wasu bayin, ya ji magana ɗaya, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan a 1716.

A 1721 annoba ta faɗa wa Boston. Mather ya roƙi likitoci su gwada, duk suka ƙi, in ban da Zabdiel Boylston, wanda ya fara da ɗansa mai shekara 6 da bayinsa biyu. Gari ya ɗauki zafi, har aka jefa bam cikin gidan Mather. Daga cikin hujjojin masu adawa, mai karatu, har da cewa maganar baƙin bawa ba abar yarda ba ce.

Da aka yi lissafi, kusan mutum 6,000 suka kamu, 844 suka mutu, kimanin ɗaya cikin bakwai ke nan. Cikin sama da 240 da Boylston ya tsaga, 6 suka rasu. Hanyar tana da haɗari, ban musa ba, domin wanda aka tsaga yana iya shafa wa wani. Sai a 1796 Edward Jenner na Ingila ya zo da ta ƙurjin shanu, wadda da ita aka kawar da agana daga duniya a 1980.

Shi kuwa Onesimus, tun a 1716 ya biya kuɗin da aka sayo wani bawa a madadinsa. Duk da haka, sharaɗin sakinsa shi ne ya ci gaba da zuwa gidan Mather yana ɗebo ruwa, yana tara itace, yana kai hatsi niƙa.