Jacques Prévert da waƙar da aka yi wa waƙa

An haifi Jacques Prévert ranar 4 ga watan Fabrairu na shekara ta 1900 a Neuilly-sur-Seine, kusa da birnin Paris. Bai yi nisa a lakwal ba. Tun yana yaro ya shiga neman abinci da ƙananan ayyuka. Daga 1932 zuwa 1936 ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo domin ma'aikata, kana ya duƙufa ga rubuta labaran sinima. Littafin waƙoƙinsa mai suna "Paroles" ya fito a 1946, talakawa suka karɓe shi saboda da harshensu ya yi musu magana.

A wannan shekara aka sa waƙarsa "Les Feuilles mortes", watau Busassun Ganyaye, cikin sinimar "Les Portes de la nuit", da kiɗan Joseph Kosma. Sinimar ba ta yi kasuwa ba, amma waƙar ta rayu: Yves Montand ya yaɗa ta, a Amurka aka mayar da ita Turanci.

A 1961 Serge Gainsbourg ya fitar da "La Chanson de Prévert". Cikin baitocinta ya ambaci sunan waccan waƙa da na mutum biyun da suka tsara ta, ya nuna yadda jin ta kawai kan tado tsohuwar soyayya. Prévert na da rai ya shaida wannan girmamawa.

Ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa ranar 11 ga watan Afrilu 1977 a Omonville-la-Petite. Yau lakwal-lakwal masu yawa a Faransa na ɗauke da sunansa.