Armand Peugeot: Mutumin da ya raba gari da danginsa saboda mota

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kafanchan da Kaduna, ko ya bi ta Kagoro zuwa Jos a shekarun 1980 da 1990, ya san zakin nan da ke manne a goshin mota. Wagon ƙirar 504 ce ke ɗaukar fasinja a tasha, a-kori-kura ƙirar 404 kuma ita ke fito da buhunan citta daga ƙauyukan Kwoi da Kachia. Hausawa suka sauƙaƙa wa harshensu suka ce Fijo. Kaɗan ne suka san cewa sunan wani gida ne a gabashin Faransa, kuma da shawarar manyan gidan aka bi, da ba a taɓa ƙera mota da sunan ba.

An haifi Armand Peugeot a 1849 a yankin Montbéliard, kusa da iyakar Faransa da Suwizalan. Gidansu gidan maƙera ne masu arziki. Tun a 1810 kakansa Jean-Pierre da ɗan'uwansa Jean-Frédéric suka mayar da gidan niƙan hatsi na iyalin masana'antar sarrafa ƙarfe. Suna yin zarto da ƙarafunan lema da injin niƙa gahawa, har da wayoyin da matan Turai na wancan zamani ke sawa cikin siket don ya buɗe. Tambarin zakin ma, wanda aka yi wa rajista a 1858, saboda zarto aka yi shi, don a nuna kaifin haƙoransa.

Armand ya yi karatun injiniya, ya kuma zauna a birnin Leeds na Ingila yana nazarin masana'antun can. A nan ya ga yadda keke ke samun karɓuwa. Da ya dawo gida ya matsa wa dangi har suka fara ƙera keke a 1882, irin mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar ƙaramar ta baya. Cinikin ya yi albarka, kowa ya yaba masa. Inda aka saɓa shi ne lokacin da ya ce a ɗora wa abin hawa inji.

A babban baje-kolin Faris na 1889 ya nuna wata mai ƙafa uku da ke tafiya da tururi, wadda ya haɗa tare da Léon Serpollet. Tana da nauyi, tukunyarta na buƙatar kulawa kamar jariri, kuma guda huɗu kacal aka yi. Armand bai tsaya kare kuskurensa ba. A shekarar da ta biyo baya ya koma wa fetur, ya ɗauki injin Bajamushen nan Gottlieb Daimler, wanda kamfanin Panhard et Levassor ke ƙerawa a Faris, ya ɗora a kan mai ƙafa huɗu.

A wancan lokaci mutane na kallon mota abin wasan masu kuɗi, wanda ba zai kai mutum gari na gaba ba. Armand ya fahimci cewa talla da baki ba za ta kawar da wannan shakka ba, sai hanya. A 1891 ya sa ma'aikatansa biyu, Louis Rigoulot da Auguste Doriot, suka tuƙa motarsa daga Valentigney zuwa Faris, suka bi bayan masu tseren keke har Brest a bakin teku, sannan suka dawo gida. Tafiyar ta haura kilomita 2,000, a kan saurin da bai fi na mai keke ba. A 1894 motocinsa suka raba kyautar farko da Panhard a gasar Faris zuwa Rouen. Tun daga nan tsere ya zama hujjar da gidan Peugeot ke kafawa da ita.

Duk wannan bai gamsar da Eugène Peugeot ba, ɗan'uwan da suke jagorancin kamfanin tare. A ganinsa zarto da keke na kawo riba tabbatacciya, mota kuwa rami ce mai cinye jari. Ba za a kira shi marar hankali ba, domin a 1892 motoci 29 kawai aka ƙera, kuma babu ɗan kasuwar kirki da zai jingina dukiyar gado a kan wannan adadi. A 1896 Armand ya fice ya kafa nasa kamfanin, ya gina masana'anta a Audincourt, ya kuma daina dogaro da injin Daimler. A wannan shekara ce ɗansa namiji tilo, Raymond, ya rasu, ya bar shi da sabon kamfani ba magaji.

Kafin ƙarshen 1899 yana ƙera motoci 300 a shekara. 'Ya'yan Eugène da kansu suka ga inda iska ta kaɗa, suka shiga yin mota da sunan Lion-Peugeot. A 1910 aka sake haɗe kamfanonin biyu, aka kuma buɗe babbar masana'antar Sochaux a 1912.

Shekarunsa na ƙarshe a kan aiki su ne suka fi jan hankalin masu tara tsofaffin motoci a yau. Direbobin tsere uku, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, tare da mai zanen inji Ernest Henry, suka ƙera injin da ke da bawul huɗu a kan kowace silinda da kamshaf biyu a samansa. Injiniyoyin kamfanin sun raina su, har suka laƙaba musu sunan da ke nufin masu da'awar ilimin da ba su da shi. Boillot ya lashe babbar gasar Faransa a 1912, Goux kuma ya ci ta Indianapolis a Amurka a 1913. Tsarin da suka fito da shi na nan a cikin injin yawancin motocin da ke ajiye a harabar Sakatariyar Tarayya a yau. Armand ya sauka daga shugabanci a 1913, ya rasu a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Shekara 60 bayan rasuwarsa, a 1975, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, da manufarta ta rage almubazzaranci, ta mayar da 504 motar manyan jami'ai, aka jingine Marsandi. A shekarar da aka buɗe Kakuri ne 504 ta lashe gasar Safari a Kenya, ta hanyoyin da ba su fi na Kafanchan zuwa Kwoi kyau a damina ba. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har wajajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Daga 2003, da aka shigo da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon motar ofis, ma'aikatun tarayya suka yi gwanjon ɗimbin 504 da 505. Da yawa suka koma tasha suna lodi, wasu kuma masu jari-bola suka auna su a sikeli.

A Turai labarin ya sha bamban. Ƙaramar 205 GTI, wadda ta fito a 1984 kuma aka taɓa ɗaukarta motar samari, yanzu masu hannu da shuni ne ke rububinta a gwanjo, haka ma 504 mai ƙofa biyu da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta. Abin da ke ɗaga farashin shi ne ƙarancin waɗanda suka tsira da injinsu da fentinsu da takardunsu na asali. A nan ne motocinmu ke faɗuwa, domin bakaniken da ya ceci 504 a Zonkwa da injin wata motar ya tsawaita ranta, amma ya zubar da darajarta a idon mai tarawa. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da motar tsere ƙirar L45 a jihar Kalifoniya kan dala miliyan 7.26. An ƙera ta a 1914, Armand yana da rai.