Tarihin Likita Levene, Wanda Ya Warware Ginin RNA

An haifi Phoebus Levene ran 25 ga Fabrairu, 1869, a ƙasar Lituwaniya, wadda a zamanin take ƙarƙashin mulkin Rasha. Ya yi karatun likita, ya sami takardar shaida a 1891. Saboda tsanantawar da ake yi wa Yahudawa, sai shi da danginsa suka yi ƙaura zuwa Amurka, inda ya riƙa duba talakawan birnin New York. A 1896 tarin fuka ya kama shi. Da ya sami sauƙi sai ya bar aikin duba majinyata, ya duƙufa ga binciken sinadaran jikin mai rai. A 1905 ya shiga Cibiyar Rockefeller, can kuwa ya yi sauran aikinsa duka.

Tun 1869 wani Bature mai suna Miescher ya gano wani sinadari a tsakiyar ƙwayar halitta, amma ba a san yadda aka gina shi ba. A 1909 Levene da abokin aikinsa Jacobs suka tsamo irinsa daga yisti, suka tabbatar cewa sukarin da ke cikinsa shi ne ribos. Wannan sinadari shi ake kira RNA yanzu. A 1929 kuma ya gano sukarin ɗan'uwansa, watau DNA. Har wa yau ya nuna cewa RNA jeri ne kamar carbi, kowace ƙwaya tana da sukari, da fosfet, da ɗaya daga cikin harufa huɗu, A, G, C da U.

Sai dai ya yi kuskure guda. Ya ɗauka harufan nan maimaita kansu kawai suke yi, don haka ba su ɗauke da wani saƙo. Bayan mutuwarsa aka gane jerinsu shi ne saƙon. A 1961 masana suka tabbatar cewa wani nau'in RNA manzo ne, yana kwafo umurni daga DNA ya kai inda ake haɗa furotin.

Ilmin nan ya shafe mu ƙwarai. Ƙwayoyin cutar ƙyanda, da shan inna, da zazzaɓin Lasa, duk gadonsu a RNA yake rubuce. Haka kuma ciwon bushiya, wanda ya ƙarar da shanun ƙasar Hausa wajen 1890, ya sake ɓarna a 1983, kafin a bayyana kawar da shi daga duniya a 2011. Makiyayan Tambuwal da Kebbe yanzu sun huta da fargabarsa. Wasu alluran rigakafin korona na 2020 ma da manzon RNA aka yi su.

Levene ya mutu ran 6 ga Satumba, 1940, ya bar rubuce-rubucen bincike fiye da 700.